Kifin Shafi na Arba'in da Ɗaya

Wendelin Brandau bai san ma'anar kalma ko guda ta tsohon Girkanci ba, amma shekara arba'in da shida ya yi yana cin abinci da harshen. Mai jera haruffa ne a maɗaba'ar Zeller, can gangaren bayan jami'a, inda malaman garinmu suke kai littattafansu a buga. Aikinsa shi ne ya tsaya gaban wani faffaɗan akwati mai gida-gida, kowane gida da irin harafinsa na dalma, ya dubi rubutun hannun malami, ya riƙa tsinto haruffan ɗaya bayan ɗaya yana jerawa har su cika shafi. Na Jamusanci kowa yana iyawa. Na Girkanci kuwa, mai ɗige-ɗige da 'yan ƙugiyoyi a kan wasula, mutum ɗaya ake da shi a duk lardin, kuma shi ma ya san haka.

An haife shi a 1851, ɗan wani mai gyaran takalma, na bakwai a ɗakin uwarsa. Yana da shekara goma sha huɗu uban ya kai shi wurin tsoho Zeller, don bakunan gidan sun fi ƙarfin tukunya. Ranar da ya gama koyon aiki, abokan sana'a suka ɗauke shi cak suka tsunduma shi a bahon ruwan sanyi a tsakiyar kasuwa, kamar yadda ake yi wa kowa, wai a wanke masa kurakuran koyo. Kowa ya san wasa ne, hanyar shan giyar banza ce kawai. Wendelin kaɗai ya ɗauki abin da gaske. Ya fito yana rawar ɗari, ya yi wa kansa alkawarin daga ranar ba za a sake kama shi da kuskure ba.

Masu wannan sana'a suna da sunayen da suka laƙaba wa kurakuransu. In ka tsallake kalma, ka yi gawa. In ka maimaita ta, ka yi biki. In kuwa wajen mayar da haruffa akwati wani ya faɗa gidan da ba nasa ba, ya lafe a can har ranar da hannu zai ɗauko shi a madadin mai gidan, shi ake kira kifi. Kaspar Ullrich, wanda yake tsayawa a gefen Wendelin, yakan binne gawa biyu ya ci biki ɗaya kafin abincin rana, bai kuma taɓa rasa barci a kan haka ba. Shi ne ya raɗa wa Wendelin suna Waliyyi. Da farko zolaya ce, daga baya sunan ya bi shi har coci. Yakan ɓata rai in an kira shi da shi, amma babu abin da ya mallaka a duniya da yake so kamar sunan nan.

A shekarar 1877, wata huɗu da auren Wendelin da Ottilie, 'yar mai gidan burodi, wani saurayin malami ya shigo maɗaba'ar rungume da takardu. Sunansa Gotthelf Lindekamp, ramamme, kwat ɗinsa ta koɗe a gwiwar hannu, babu wanda ya san da zamansa. Shekara shida ya kwashe a kan waƙoƙin wani mawaƙin Girka da ya mutu sama da shekara dubu biyu. Rubutun mawaƙin na ainihi ya daɗe da ɓacewa, sai kwafin kwafi da 'yan zuhudun coci suka yi ta yi da hannu, kowanne da irin gyangyaɗinsa. Lindekamp ya bi kwafi bakwai ƙasa-ƙasa, yana sauka a ɗakunan haya masu kuɗin cizo, yana gwada wannan da wancan don ya gano inda hannun magabata ya zame, ya maido da abin da mawaƙin ya faɗa. Wato shi ma farautar kifi yake yi, sai dai nasa kifayen sun tsufa.

Wendelin ya jera littafin. Lindekamp ya karanta gwajin bugu sau uku, ya sa hannu. Aka buga ɗari takwas, aka ɗinke, aka aika har ƙasashen waje. Wata Litinin da hantsi, Wendelin yana warware shafukan yana mayar da haruffa gidajensu, ya zo shafi na arba'in da ɗaya, layi na tara, sai yatsansa ya tsaya. Ya dubi harafin da ke hannunsa, ya dubi rubutun malamin. A takarda, harafin da ke wannan gurbin mai ƙafa biyu ne da rufi, kamar ɗan tebur. Wanda ke hannunsa kuwa mai wutsiya ne. Kifi ne, ya sulale ta gaban idonsa da na malamin, yanzu yana kwance cikin littafi ɗari takwas.

Ya waiga, ya ga Kaspar yana ta fito abinsa. Sai ya zare wannan shafin daga cikin takardun malamin, ya ninke shi, ya cusa a ƙirjin rigarsa, sauran ya ɗaure aka mayar wa mai su. Da rana ya tafi gida cin abinci, ya zauna gaban miyar dankali bai ko ɗauki cokali ba.

Ottilie ta ce, "Lafiya, Wendel? Ka shigo kamar an kore ka daga aiki."

"Tilli, na yi kifi."

"Ka sayo kifi? Yau Litinin?"

Ya fito da takardar ya nuna mata, ya yi mata bayani. Ta dube shi, ta dubi takardar a juye, ta tuntsire da dariya.

"Harafi ɗaya? Don harafi ɗaya kake neman ka sume mini a kan miya? Wa ma zai gani? Mutum nawa ne a duniya suke karanta wannan jagwalgwalon?"

"Ba ki san mutanen nan ba. A kan ɗigo guda sai su yi shekara ashirin ba sa gaisawa."

"To tashi ka je ka faɗa masa, ka huta."

"Gobe zan je."

Ta karɓi takardar ta sa a ƙasan gwangwanin maɓallanta. Goben nan shekara talatin da ɗaya ta yi ba ta zo ba.

Ya yi ta zaman jiran ranar tonon asiri. Duk wanda ya buɗe ƙofar maɗaba'a da ƙarfi, sai gaban Wendelin ya faɗi. Amma shiru kake ji. Maimakon haka ma, sai tauraron Lindekamp ya fara haskawa. Cikin shekara biyu aka ba shi kujerar farfesa, ya yi ƙiba, ya bar gemu, ya gina gida a kan tudu. Ya ƙara rubuta littafi goma sha ɗaya, kuma kowanne ya kawo, sharaɗinsa ɗaya ne: ko Malam Brandau ya jera, ko a bar shi. In sun haɗu a hanya, farfesan ne yake fara cire hula, abin da ba a taɓa gani ba a garin da farfesa yake kallon magajin gari ta saman tabarau. Mutane suna cewa kai, Waliyyi ya dace. Shi kuwa Wendelin duk cire hular nan jinta yake kamar mari. Yakan sunkuyar da kai ya wuce da sauri, don haka bai taɓa lura da cewa shi ma farfesan ba ya iya kallon idonsa ba.

Sun haifi 'ya'ya mata uku, suka aurar da su. Da tsoho Zeller ya mutu, ɗansa ya nemi Wendelin ya zama shugaban ma'aikata har sau biyu, ya ƙi, ya ce ƙafarsa ta saba da wurin tsayuwarsa. Gaskiyar ita ce ba zai iya buɗe baki ya yi wa wani faɗan kuskure ba. Ko kifi ya daina ci. Ranar Juma'a duk unguwa ƙamshin soyayyen kifi, gidan Brandau kabeji da dankali. Ottilie takan ce, "Ni dai Allah ya so ni da ba gawa ka yi ba, da ko jana'izar uwata ba za ka bar ni in je ba."

Abin da ya ɗaga Lindekamp kuwa, har masu wankau na garinmu sun san shi. A cikin waƙoƙin akwai wata a kan wani masunci da ruwa ya ci. Duk kwafin nan bakwai cewa suka yi teku ta ba shi barci. Lindekamp, in ji masana, shi ya gano ba barci mawaƙin ya ce ba, cewa ya yi teku ta ba shi waƙa. A kan wannan gyara ya rubuta littafi sukutum game da yadda mutanen dauri suke kallon mutuwa. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga Ingila da Amurka don su ji shi yana karanta baitin ido a rufe. Aka sassaƙa maganar a kan kaburbura. Wendelin kansa ya taɓa ce wa Ottilie maganar tana taɓa masa zuciya. Bai taɓa tambayar a wane shafi take ba, don shi siffar haruffa ya sani, ma'ana aikin malamai ce.

Ranar wata Laraba ta watan Nuwamba, 1908, ana hutun rana, Kaspar, wanda yanzu kansa ya yi fari fat amma bakin yana nan, yana cin burodi da tsiran alade yana duba jarida. Sai ya buga cinya.

"Kai, kai, kai! Waliyyi, zo ka ji, ubangidanka ya shiga uku."

"Wane ubangida?"

"Mai waƙar teku mana. Wai an tono wani tsumman takarda a juji cikin yashin Masar, ya girmi kwafin 'yan zuhudun nan da shekara dubu. Baitin yana ciki ɓaro-ɓaro. Barci ne! Masunci yana barcinsa, bawan Allah, Farfesa ya tashe shi ya sa shi waƙa shekara talatin ba hutu."

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Kaspar ya miƙo jaridar. "Ga shi har sun zana kalmomin biyu, hupnon wato barci da humnon wato waƙa, harafi ɗaya ne tsakaninsu. Zo ka karanta mana, kai ne gwanin jagwalgwalo."

Wendelin ya matso da jeren rabin shafi a hannunsa, ya leƙa. Ga ɗan tebur a kalmar farko, ga mai wutsiya a ta biyu. A ƙasa an rubuta: bugun farko, 1877, shafi na arba'in da ɗaya, layi na tara.

Jeren ya suɓuce masa, haruffa suka watse a daɓe har ƙarƙashin inji. Dariya ta ɗauke. Shekara arba'in da uku babu wanda ya taɓa ganin ko harafi ɗaya ya faɗi daga hannun mutumin nan. Shi kuwa yana tsaye yana kallon jaridar. Ashe kifinsa ne ake sassaƙawa a kan kaburbura. Ashe shi mutane suke haye teku su zo su saurara. Kujerar, da gemun, da gidan kan tudu, duk a kan zamewar yatsansa suke zaune, shi kuma yana nan yana cin kabeji ranar Juma'a. Kaspar ya riƙe masa kafaɗa ya ce, "Haba Waliyyi, ai ba uwarku ɗaya da Farfesa ba. Zauna ka sha ruwa."

Bai sha ba, gida ya nufa. Ottilie tana guga, ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa mata. Ta ajiye dutsen gugar a kan rigarsa ta coci har sai da ta ji ƙauri.

"Wayyo Allah! Wato maganar da ke kan kabarin mijin ƙanwata, kai ka yi ta?"

"Ni na yi ta, Tilli, ban kuma sani ba."

Makonnin da suka biyo baya ba su yi wa Lindekamp daɗi ba. Malaman wasu jami'o'i, waɗanda suka shekara talatin suna haɗiye haushi, suka fito da alƙalumansu, kowa ya samu nama. Ɗalibai suka riƙa yin minshari da gangan in ya shigo aji. Wendelin ya hango shi wata rana a kan gada, tsoho ɗan shekara sittin da 'yan kai, yana tafiya yana dafa ƙarfen gadar, kwat ta yi masa yawa. Tausayi ya kama shi har ya ji hawaye. A ransa ya ce, mutumin nan daidai ya rubuta, ni na ɓata, ga shi ana yi masa dariya a kan laifina. Ya dawo gida ya ce wa Ottilie ta ɗauko masa takardar.

Ta ce, "Me za ka yi da ita?"

"Zan wanke shi. A ce laifin mai jera haruffa ne, gaskiya ce ai."

"Sunan naka fa?"

"Ya tafi. Dama ba nawa ba ne."

Ta zazzage maɓallan a kan tebur ta ciro takardar, amma ba ta sake ta nan da nan ba. "Wendel, tsaya ka yi tunani. Mutumin da yake gane ɗigon da wani ɗan zuhudu ya manta shekara dubu da suka wuce, shi ne zai shekara talatin bai san abin da ya rubuta da hannunsa ba? Ruwa ba ya tsami banza."

Bai saurare ta ba. Wanda ya yi niyyar sadaukar da kansa ba ya son a kawo masa lissafi. Washegari da hantsi ya sa rigar cocin nan mai tabon guga, ya hau tudu.

Aka shigar da shi ɗakin karatun farfesan. Littattafai har rufi, akwatunan 'yan takardu jere a bango, murhun dumama ɗaki yana ci a lungu. Lindekamp ya miƙe tsaye da ganinsa.

"Malam Brandau. Zauna mana."

"Ranka ya daɗe, a tsaye zan fi iya faɗa." Ya ciro takardar ya shimfiɗa a kan tebur. "Rubutunka ne na bugun farko. Dubi layi na tara. Barci ka rubuta, tun farko daidai ka rubuta. Ni ne na yi kifi, na gani, na ɓoye. Ka kai wa jarida, a bar ka ka huta. Suna ɗaya gare ni a garin nan, ga shi na kawo maka."

Ya yi zaton tsohon zai rungume shi, ko kuma ya zage shi. Duk ya shirya wa biyun. Abin da bai shirya masa ba shi ne ya ga fuskar farfesan ta yi fari, ya koma kan kujera jagwab, yana kallon takardar kamar an ajiye masa maciji.

"Shekara talatin da ɗaya nake neman shafin nan. Na san yana wurinka."

"Ka sani, ranka ya daɗe?"

"Mako biyu da fitar littafin na gani. Na sa kwat zan sauko in ci mutuncinka gaban Zeller. A bakin ƙofa na yi kiciɓis da mai kawo wasiƙu. Wasiƙa ce daga malamin da ya fi kowa girma a fanninmu a wancan zamani. Ya ce saurayin da ya warkar da baitin nan da harafi ɗaya, bai ko tsaya yin tutiya a ƙasan shafi ba, ya cancanci kujera. A lokacin, Malam Brandau, dankali nake ci ba ko man shanu. Na tuɓe kwat ɗin na ce gobe zan rubuta masa gaskiya."

Wendelin ya dafa tebur.

Farfesan ya ci gaba da cewa, "Da na sake karanta baitin, sai na ga ya fi daɗi. Da shekara ta zagayo, na fara yarda haka mawaƙin ya faɗa. Wallahi akwai shekarun da nake tsayawa a aji na manta ba ni na gano ba. Sai na hango ka a hanya in tuna."

"To ai yanzu ga dama ta samu. A faɗi gaskiya, kowa ya huta."

"Ba ka gane abin da ka kawo mini ba. Yau cewa ake yi Lindekamp ya yi kuskure. Wane malami ne ba ya kuskure? Sunansa yana nan a ƙasan shafi, ana ambatonsa ko don a ƙaryata shi. Amma in takardar nan ta fita, cewa za a yi Lindekamp ya tsinci kuskuren ma'aikaci ya sa a aljihu, ya ce basirarsa ce. Wancan kuskure ne, wannan sata ce. Littattafaina goma sha ɗaya da na yi da gumina, babu wanda zai sake buɗe ko ɗaya."

A nan ne ran Wendelin ya ɓaci, ɓacin da bai taɓa yi ba tunda aka haife shi. Ya manta da ranka ya daɗe.

"To ni fa? Shekara talatin da ɗaya ban ci abinci ya yi mini daɗi ba! Ƙofa ta motsa gabana ya faɗi! Kana sane, kana cire mini hula a hanya?"

"Tsoronka nake ji."

"Ni ma tsoronka nake ji!"

Suka kalli juna, karo na farko ido cikin ido, tsofaffi biyu da suka ƙare rayuwarsu kowa yana gudun ɗan'uwansa. Sai farfesan ya miƙa hannu a hankali ya ɗauki takardar. Wendelin ya ɗauka zai sake dubawa ne. Tsohon ya taka zuwa lungu, ya buɗe ƙofar murhu, ya jefa ta ciki.

Mutumin nan fa shi ne yake kuka a gaban ɗalibai in ya zo labarin ɗakunan karatun da aka ƙone a zamanin da. Ko takardar mai wanki ba ya yarda a jefar a gidansa. Wendelin ya zabura, amma kafin ya isa wuta ta lashe ta. Ya tsaya yana kallon toka. Da ƙyar ya ce, "Ko kuskuren nawa ba za ka bar mini ba?"

Lindekamp bai juyo ba. Ya ce, "Zan saka maka, Malam Brandau."

Ya kuwa saka masa, irin sakayyar da ya iya. Da sanyi ya wuce, ya aiko da sabon bugun littafin, an mayar da barci wurinsa. A gabatarwa ya rubuta da Jamusanci, don kowa ya karanta, cewa kuskuren nasa ne shi kaɗai, kuma mai jera haruffa, Malam Wendelin Brandau, abin da aka ba shi ya jera, shekara talatin da ɗaya ba a taɓa kama shi da harafi ɗaya a inda ba wurinsa ba. Duniyar malamai ta yaba, aka ce dattijo ya amsa laifinsa, ɗalibai suka daina minshari. A maɗaba'a kuwa aka yi ta shewa, don ba a taɓa sa sunan ma'aikaci a littafin farfesa ba. Kuma tunda sharaɗin yana nan, Wendelin ne ya tsaya ya jera wannan ƙaryar da hannunsa, harafi bayan harafi.

Da yamma Kaspar ya ja shi gidan giya, ma'aikata duka suka bi, aka ɗaga kofuna. Wendelin ya miƙe, aka yi tsit ana jiran godiya.

Ya ce, "Jama'a, ƙarya ce. Ni na yi kuskuren nan. Kifi ne. Farfesa barci ya rubuta, ni na ɗauko mai wutsiya."

Sai Kaspar ya share ido da bayan hannu ya ce, "Kun ji irinta ko? Yana son ya ɗauke wa tsoho kaya ya ɗora wa kansa. Kai Waliyyi, ka bari haka nan, kada a ɗauke ka sama da ranka ka bar mu da biyan giya."

"Na rantse muku da Allah ni ne!"

"To ina shaida?"

"An ƙone ta."

Aka fashe da dariya, aka buga masa baya, aka ƙaro masa kofi. Kafin Lahadi labari ya gama gari, cewa Brandau don amana har rantsuwa ya yi a kan laifin da ba nasa ba. Duk wanda ya tara ya faɗa wa gaskiya, sai ya ga idon mutumin ya cika da girmamawa. Ya faɗa wa ɗan Zeller, ya faɗa wa surukansa, ya rubuta wa jarida, suka aiko masa da amsar godiya ba su buga ba. Lindekamp ya mutu a 1910, aka binne shi da kiɗa da tutoci, ya tafi da rabin gaskiyar. Wendelin ya ajiye aiki bayan shekara ɗaya, don idonsa ya fara gazawa. Ya koma zama a benci a ƙofar gida, ya zama tsohon nan da in ka tsaya gaishe shi zai riƙe maka hannun riga ya ba ka labarin shafi na arba'in da ɗaya. Mutane sukan saurara su ce Allah sarki, su wuce.

Ya rasu a ƙarshen 1912, ciwon haƙarƙari ya ɗauke shi cikin kwana shida. Cocin ya cika, har malaman jami'a biyu suka zo. Fasto ya hau ya yi wa'azi mai daɗi. Ya ce mamacin bai taɓa kuskure a aikinsa ba, kuma a duk rayuwarsa ƙarya ɗaya tak aka san ya yi, ita ma don ya rufa wa wani asiri ne, ya roƙi Allah ya ba mu irin wannan maƙaryaci a kowane gida. Mata suka yi ta sharar hawaye.

Ottilie, wadda ita kaɗai ta rage a duniya cikin waɗanda suka ga takardar da idonsu, tana zaune a layin gaba. Da aka fito daga maƙabarta, ta tare faston a bakin ƙofa, jama'a suna ji.

"Fasto, mijina bai taɓa ƙarya ba. Kuskure ya yi, guda ɗaya, kuma nasa ne. Shekara talatin da ɗaya ya ɗauka a kansa. Yau kun binne shi kun ce maƙaryaci ne."

Faston ya kama hannunta da hannu biyu, ya yi murmushi cikin tausayi, ya juya ga waɗanda ke tsaye.

"Kun gani ko? Har matar tasa haka take."